Zaren Atishawar Kulu

Da sunan Allah nake farawa, wanda ya halicci hanci, ya kuma halicci abin da zai dame shi.

Na ji abin da kuka faɗa shekaranjiya a bakin murhu, ku 'yan matan gidan nan da matan jikokina. Kun ɗauka barci nake yi. Kun ce wai sana'ar Inna ba sana'a ba ce, fyace majina ce kawai, kowace mai hannu biyu za ta iya. Ban ji haushi ba. Ni ma dariya na yi ranar da aka kawo ni gidan nan, na tarar da Gwaggo Tumba, ƙanwar mahaifina kuma uwar mijina, Allah ya jiƙanta, tana shafa wa akushi man shanu babu ko lomar tuwo a ciki.

Akushin nan shi ne farkon aiki, aikin jinyar yaran da iskar damina ke sa wa atishawa. Baƙi ne wuluk, ba a cin abinci a cikinsa. Bayan sallar asuba a shafe shi da mai kaɗan, a ɗora bisa katangar gabas, a bar shi har hantsi ya busar da raɓa. In an sauke shi yana nan baƙi, yara su fita su yi wasansu. In an ga ya yi rawaya-rawaya, to gero ya saki bununinsa, wato laushin garin nan da ke kan zangarniya lokacin da take fure, iska kuma ta kwaso shi ta tsallako ganuwa da shi. Ranar babu mai leƙa ƙofa. Daminata ta fari a hannun Gwaggo, kullum tas nake sauke akushin kamar an wanke, in ruga in yi mata albishir. Ita kuwa ta ce to, ta rufe yaran duk da haka. Sai da kyanwar maƙwabta ta yi ƙiba har ta kasa hawa katangar na gane wanda ke wanke mini akushi. Ashe Gwaggo tana da nata a bisa rumbu, ta kife masa kwando mai manyan idanu. Na ce me ya sa ba ta faɗa mini ba? Ta ce, "In ba ki gane kyanwa ba, mai ƙahwa huɗu da wutsiya, ƙaƙa za ki gane iska?"

Gane yaron shi ne aiki na biyu, domin ba kowane mai majina ne nawa ba. Mai mura jikinsa da zafi, majinarsa da kauri, kwana kaɗan ya warke ya shafa wa ƙaninsa. Nawa jikinsa sanyi ƙalau. Hancinsa na zuba kamar randar da ta tsage, ido ja yana ƙaiƙayi, atishawa tana zuwa a jere kamar raƙuman Azbinawa. Yana murza hanci sama da tafin hannu har ya yi masa zane a tsakiya. Ka tambayi uwar, ta ce bara ma war haka ya yi, bara waccan ma haka. Daga furen gero sai na maiwa, daga maiwa sai gamba da kyasuwa su karɓa. In an yi girbi ya miƙe sumul kamar ƙarya yake yi. Ba ma warkar da shi, kada ku taɓa ce wa uwa za ku warkar. Raba yaro da iska muke yi har gona ta gama abin da take yi.

Gidan nan a tsakiyar gari yake, nesa da gonaki, shi ya sa mutanen bakin ƙofofi ke kawo mana 'ya'yansu. Shigifar bayan nan da kuka cika da tukwane, ita ce ɗakin aikin. Tagarta ɗaya ce, tana kallon lungu. Yaro ba ya shiga sai ya tuɓe abin da ya zo da shi a bakin ƙofa, an wanke masa kai da fuska da bayan kunne. A ba shi ruwan ɗumi mai ɗan gishiri a tafin hannu ya shaƙa ya fyace kamar mai alwala. In gishirin ya yi yawa yaron ba zai sake yarda da ke ba har ya yi gemu. A ɗora masa ƙyalle mai sanyi daga sabon tulu a kan ido, a yanke masa farce. Asabari a jiƙe, tsumman taga a jiƙe, da sun fara bushewa a sake. Ba a sharar ɗakin, yayyafi ake yi a goge. Ba turare. Wanki a ɗaka ake shanya shi, ko da zai yi kwana yana warin danshi.

Duk wannan mai sauƙi ne. Mai wuyar shi ne ki riƙe ɗaki cike da yara masu lafiyar ƙafa tun hantsi har la'asar, ga 'yan uwansu suna ihu a waje, ga shi ba a tatsuniya da rana. Dabarar Gwaggo ita ce ƙwaryar wake da tsakuwa. Su tsince, ta yaba musu, ta juya baya ta sake gauraya. Akwai wake a gidan nan da aka tsince shi damina da damina har ya yi santsi, ba a taɓa dafa shi ba.

Iyaye kuwa, Allah ya ba mu haƙuri da su. Akwai wadda ta cusa wa ɗanta auduga a hanci, ya yi atishawa audugar ta faɗa a miyar surukarta. Akwai wanda ya kai 'yarsa wurin wanzami aka cire mata beli, aka yi ƙaho, da abin ya ƙi sai ya zo yana tambaya ko akwai sauran abin cirewa. Wata tsohuwa ta taɓa jawo mini ƙato mai mata da 'ya'ya, ta ce ai yaro ne a wurinta. Kuma dukansu in kaka ta yi, da me suke sallamata? Da damin gero. Abin da ya kawo ciwon shi ne ladan mai jinya. Ban taɓa mayarwa ba.

Shekarar da ta fi kowace wuya ita ce wadda ta biyo bayan yunwa. Gwaggo ta riga ta rasu, aikin ya dawo kaina. Mutane sun ji jiki, saboda haka da ruwa ya sauka aka shuka gero ko'ina: a kangaye, a gefen rijiyoyi, a bakin lunguna. Har maigidana, baduku da bai taɓa riƙe fartanya ba, ya soka 'yan ƙwayoyi a bayan ɗakin girki, kullum da safe ya je ya tsaya a kansu kamar mai gaida surukai. Ba wanda zan ce wa ya tuge. Wanda ya kwana da ganye a ciki bara, ba a yi masa zancen hanci. Gona ta shigo gari, ni kuwa dabarata duka nisa da gona ce. Akushi kullum kamar an tsoma shi a rinin rawaya.

A wannan daminar aka kawo mini Kulu. Kakanta ne ya kawo ta, Baba Modi, tsohon mahauci mai kilishi daga Ƙofar Taramniya, dogon mutum mai muryar da ke tsayar da bijimi. Ya zauna a zaure wurin maigidana, aka shigo mini da yarinyar. 'Yar firit ce, tana cikin famfarar haƙori, idanunta sun kumbura har sai ta ɗaga haɓa take ganin mutum. Tana tsakar gida ta yi atishawa, ta ce, "Alhamdulillahi," a gajiye kamar mai sauke tulu.

Daga zaure aka kwatsa, "Yarhamukillah!" har kaji suka watse.

Ta ɗaga murya ta ce, "Yahdikumullah!" Ta sake atishawa. Aka sake kwatsawa. Haka suka yi ta yi, ita ta jefa shi ya cafe, har na gaji da tsayuwa.

Na duba ta, na san tawa ce. Na je bayan ƙofar zaure na gaishe shi, na ce, "Baba, yarinyar ga sai ta zamna wurina har a yanke gero."

Ya ce, "Ba ta yiwuwa, ɗiyata. Ba ta abin sha mu tahi."

"Ba ni da abin sha, Baba. Ɗaki gare ni."

"To in ta yi atishawa cikin ɗakin naki, wa ka amsa mata?"

"Ni."

"Naki daban. Ni nir rantse."

Na ce, "Ai malamai sun ce in ta wuce ukku mura ta, sai a roƙa ma mutum sauƙi."

Ya ce, "Sun hwaɗa mini. Amma ranar da nij ji wa'azin, ana kai wa ga 'ka amsa mishi' shirwa tas sabka ga namana, nit tashi da gudu. Abin da kunnena yaj ji shi nika riƙo. Sauran, waɗanda sunka ji shi su riƙe."

Ya ɗauki jikarsa a kafaɗa suka tafi, ina jin su suna jefa wa juna addu'a har suka sha kwana.

Maigidana ne ya ba ni sauran labarin. Uwar Kulu 'yar Baba Modi ce. Wata rana ta yi atishawa a gabansa yana tsakiyar gardama a kan wani sa, ta yi hamdala, bai amsa ba. Kwanaki kaɗan zazzaɓi ya ɗauke ta. A bakin kabarinta ya rantse ba zai bar atishawar marainiyar ta faɗi ƙasa ba muddin yana numfashi. Lokacin bai san irin hancin da ya yi wa rantsuwa ba. Da abin ya yi yawa, malamin unguwarsu ya ce ya yi kaffara ya huta. Ya tara miskinai ya ciyar da su nama har suka yi gyatsa, ya koma gida sakayau. Yana shiga Kulu ta yi atishawa ta dube shi. Ya ce, "Wallahi ba ni ƙyale wagga, ko wadda ka biye mata." Rantsuwa ta dawo sabuwa. An ce ya sake kaffarar ya sake rantsuwar, har miskinan unguwar suka riƙa tare yarinyar a hanya suna tambayar lafiyar hancinta.

Saboda rantsuwar nan ba ya rabuwa da ita. Inda yake shanya nama a bayan ganuwa nan take yini, gonar gero a damanta, turmin yaji a hagunta.

Bai yi mako ba ya dawo. Wannan karon ba a kafaɗa ya ɗauko ta ba, a ƙirji. Na sa kunnena a bayanta na ji siririn fito yana fita tare da numfashi. Ku riƙe wannan ko kun manta da komai: atishawa ba ta kisa. In abin ya bar hanci ya gangara ƙirji ya zama fuka, nan ne ake rasa yaro. Na taɓa gani a zamanin Gwaggo, ba na son in faɗi sunan.

Na ce masa ta bayan ƙofa, "Baba, in ka koma da ita bakin gonar can, ban san ko za ta ga girbi ba."

Ya ce, "Ki yi dabara, ɗiyata. Ni ba ni shiga gidan mutane, ita ba ta hita, rantsuwa kuma ba ta tsuhwa."

Maigidana ya ce ai bangon shigifa da lungu yake, tsoho ya zauna can ƙarƙashin taga. Aka yi haka. Amma tagar a toshe take da jiƙaƙƙen tsumma, sai Kulu ta yi ihun hamdala kafin ya ji, ya amsa, ta sake ihun mayarwa. Kafin azahar ihun ya cinye ɗan numfashin da nake tara mata. Ga sauran yaran su ma suna tasu atishawar, shi kuwa don kada ya yi kuskure yana amsa wa kowa. Na hana ihu. Ya ce to shi ma ya hana zama.

Sai na ɗauko zaren abawar da na kaɗa da hannuna, mai kauri, na zura ta gefen tsumman taga. Bakin ciki na ɗaura a wuyan hannun Kulu. Na waje ya ɗaura a babban yatsan ƙafarsa, don hannuwansa na da aiki. Ƙa'ida ita ce in ta yi atishawa ta yi hamdala a hankali ta ja zaren, shi ya amsa da muryar da Allah ya ba shi, ita ta mayar a ranta. Ya tambayi maigidana ko jan zare ya tsaya a madadin ji. Maigidana ya ce shi fata ya sani, amma yana ganin yatsa ma na mutum ne.

Da haka Baba Modi ya tare a lungunmu. Ya kawo buzunsa da wuƙarsa da gadon karan da yake shanya nama, shirwa da kyanwoyin Ƙofar Taramniya suka biyo shi. Sharaɗi ɗaya na kafa, ba yaji kusa da tagata. Ya yarda. Duk daminar nan kilishinsa salam ya fita, masu saye suna ɗanɗanawa suna yi masa jaje. In lokacin salla ya yi sai ya kwance zaren ya ɗaura a turke, in ya dawo ya buga bango ya ce, "Uwargida, an yi baƙi bayana?" Haka yake kiran Kulu, irin wasan kaka da jika, baƙin kuwa atishawa yake nufi. In ta ja zaren, ya zauna ya sallami baƙin ɗaya bayan ɗaya.

Mutanen lungu suka shiga uku. Mutum na tafiya da tunaninsa sai ya ji an daka masa "Yarhamukillah!" daga gindin bango. Wasu su yi tsalle. Wasu su shafa hanci, su ɗauka sun yi atishawar ba su sani ba, su mayar da addu'a su wuce. Wani mai jaki ya tsaya ya yi masa gardama cewa shi namiji ne, "killah" kuwa ta mace ce. Yaran ɗakina kuwa suka watsar da ƙwaryar wake, sun sami abin da ya fi ta. Da na juya baya sai wani ya fizgi zaren, bango ya yi ruri, su kwanta suna dariya har dariyar ta tayar musu da atishawar gaske. Wata rana zaren ya yi ta motsi babu ƙaƙƙautawa, tsoho ya sunkuyar da kai yana yanka yana amsawa har muryarsa ta dishe. Da ya ɗaga ido sai ya ga 'yar akuyar maƙwabta ce ke tauna shi. Ya je wurin maigidana hankali a tashe yana tambaya ko ya yi laifi. Maigidana ya ce rahamar Allah ba ta ƙarewa don akuya ta samu.

Ni dai ina aikina. Safe da yamma ruwan gishiri, sanyi a ido, surace da ruwan zafi in ƙirjin ya yi nauyi, barci a jingine. Idon Kulu ya sace, ta fara ganin mutane ba sai ta ɗaga haɓa ba. Fiton ya yi ƙasa amma bai tafi ba.

Ranar da nake so in ba ku labari, maigidana ya tafi kasuwa da fatunsa. Bayan azahar gabas ta yi baƙi. Ku kuna murna da hadari, ni ma ina murna da ruwa, don ruwa wanke iska yake yi. Abin tsoro shi ne iskar da ke gabansa. Ita ce ke bi ta kan kowace zangarniya ta karkaɗe ta, a shekarar kuwa zangarniya har bayan ɗakin girkina. Na jiƙa asabari na ninka masa zane, na toshe ƙasan ƙofa, na ce kowa ya zauna. Duk da haka sai da ta shigo, iska ba ta neman izini. Ɗakin ya kaure da atishawa, zare yana ta aiki, bango yana ta ruri.

Sai Kulu ta daina.

Na waiwaya na gan ta zaune ta dafa gwiwoyi, kafaɗunta na hawa da sauka, ramin wuyanta na lotsawa. Ba ta da iskar da za ta yi atishawa da ita. Na ɗauke ta na zaunar a cinyata, bayanta a ƙirjina, na tallafe hannuwanta sama kaɗan. Na sa babbar cikin yaran ta jawo tukunyar ruwan zafi kusa. Na ce, "Bi ni, Kulu. In na ja ki ja, in na saki ki saki. Kada ki yi sauri, ba inda za mu." Iyakar abin da sana'ar nan ta mallaka ke nan a irin wannan lokaci: zama, tururi, murya mai sanyi, da roƙon Allah. Wanda ya ce muku yana da fiye da haka, ku tambaye shi ko ya taɓa riƙe yaron.

Daga waje ya buga bango. "Uwargida? Ba baƙi?"

Zaren bai motsa ba.

"Ɗiyata, mi ka hwaruwa? Zaren ya mutu."

Ban amsa ba. In na ce lafiya na yi ƙarya, ɗayar maganar kuma ba zan faɗe ta a kunnen yarinyar ba. Zaren na nan a kan hannuna, na yi tunanin in ja shi don hankalinsa ya kwanta. Amma ja yana nufin ta yi atishawa, ba ta kuwa yi ba. Ƙarya ƙarya ce ko da zare aka yi ta.

Ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya. Na daina jin komai sai shi da fiton yarinyar da ke jingine a ƙirjina. Ban san tsawon lokacin ba, na dai san ƙafata ta mutu, bakina bai daina ambaton Allah ba. A hankali iskar ɗakin ta canza, ta yi sanyi, ta yi ƙamshin ƙasa. A hankali kafaɗun suka rage hawa. Fiton ya yi laushi, ya yanke, ya dawo, ya sake yankewa. Kanta ya yi nauyi a kafaɗata. Barci ne, na sa kunne na tabbatar barci ne.

Ruwan ya tsagaita, sai ɗigar indararo. Na so in yi magana ta bango, amma kunnenta na daidai bakina, barcin nan kuwa ya fi duk abin da ke cikin tukwanena. Sauran yaran sun lafe a kusurwa, wasu sun bi ta barcin. Na ce a raina ai tsoho ya nemi mafaka. Sai na ga zaren yana miƙe. Ashe tsohon yana can. Ba ja yake yi ba, riƙewa kawai yake yi, kamar mai tsoron ya ji abin da ke ɗaya bakin.

Ya yini a gindin geron lungu, iska ta zazzage masa bununi a ka, ruwan sama kuma ya jiƙa shi har ƙashi. Jikin tsoho ba dutse ba ne. Sai muka ji wata atishawa daga bayan bango, irin ta mahauta, har ƙasa ta zubo daga rufi. Bayanta wata 'yar murya da ban san yana da ita ba ta ce, "Alhamdulillahi."

Kulu ta buɗe ido. Ta ja numfashi, na ji ya shiga har ƙasa bai maƙale ko'ina ba. Ta ce da ƙarfi, tas, babu fito, "Yarhamukallah, Kaka!"

Daga waje muka ji wani abu, ban sani ba ko dariya ce ko kuka, ban kuma tambaya ba. Kafin ya iya mayarwa wata atishawar ta kama shi. Ta amsa. Ta uku ta zo, ta amsa. Yaran duk sun farka suna ƙunshe baki. Da ta huɗu ta fashe, ya yi hamdalarsa ya saurara.

Kulu ta gyara zama a cinyata ta ce, "Kaka, ukku ta wuce. Mura gare ka. Allah shi ba ka sauƙi, tashi ka tahi gida ka sake tuhwa."

"Uwargida, korata kika yi?"

"Kai dai tahi. Kana ɗiga, ina jin ka."

Abin da malamin unguwarsu ya faɗa, da maigidana, da ni, duk bai shiga ba. Wannan ya shiga. Muka ga zaren ya saki, ya yi laushi, na jawo shi ciki jiƙe sharkaf da ɗaurin yatsan a bakinsa. Kashegari ya tara miskinai ya ciyar da su, wannan karon bai sake rantsuwa ba, suka ci suna baƙin ciki. Daga ranar, sau uku yake amsawa ya yi addu'ar sauƙi ya koma yankan namansa, ya kuma bar mini ita har aka yi girbi. Kulu ta ga wannan girbin da wasu da yawa bayansa. Ita ce mai kawo mini jikanta duk damina yanzu, wanda kuke cewa ya cika surutu.

Zaren yana nan cikin akushin, a shigifa, ƙarƙashin tukwanenku. Gero ya fara fid da kai a bayan ganuwa, na ji shi a hancina tun jiya. Wadda ta ce kowace mai hannu biyu za ta iya, ta je ta kwashe tukwanen, ta wanke akushin, gobe bayan asuba ta shafa masa mai ta ɗora bisa katanga. Ba zan ce mata komai game da kyanwa ba.